Dutse ne ya yi aman wuta, amma kulorin ɗin namu ne

A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifins ya yi aman wuta, ya cilla tan miliyan 15 zuwa 20 na iskar farar wuta can ƙololuwar sama, sashen da lulluɓin ozon yake tare mana haskoki masu cutarwa na rana. A 1992 da 1993 sai ozon ya ragu fiye da yadda aka taɓa aunawa a wurare da dama. Tun daga nan wasu suka samu abin fakewa, wai ikon Allah ne, ba ruwan ɗan Adam. Wannan magana ba ta da tushe.

Sinadarin kulorin ne ke cinye ozon, amma kulorin da dutsen ke fitarwa ba ya zuwa da nisa, ruwan da ke cikin hayaƙin yakan wanke galibinsa. Galibin wanda ke can sama mu muka kai shi, daga gas ɗin CFC na firij da na'urar sanyaya ɗaki. Yawancinsa a ɗaure yake kamar akuya a turke, kuma wani sinadarin nitrojin na daga cikin igiyoyin. Farar wutar dutsen takan haɗu da raɓa ta zama ƙananan ɗigon asid, a jikin ɗigon nan nitrojin ɗin ke rikiɗewa ya daina aikin ɗauri. Da zarar kulorin ya kuɓuce sai ya afka wa ozon, ƙwaya ɗaya tana iya wargaza dubun-dubata kafin ta bar can sama. Hazonmu na hunturu ƙasa-ƙasa yake, ba ya daɗewa. Waɗannan ɗigon kuwa suna sama da gajimare, ba ruwan da zai wanke su, sai su shekara biyu ko uku suna shawagi.

To ina ruwan Sakkwato? Ku leƙa shagon mai gyaran firij ko AC a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40. Za ku ga an kwance bututu, tsohon gas ya yi "fiss" ya bi iska, sannan a ɗura sabo. An daina CFC a ƙasashe irin namu tun 2010 bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, sai dai gas ɗin R22 da ke cikin tsofaffin na'urorin gwanjo shi ma yana ɗauke da kulorin, ko da yake ɓarnarsa ba ta kai ta CFC ba.

Ban ga laifin mai gyara ba, ba shi da injin zuƙe gas ɗin, ba a kuma koya masa ba. Nan ya kamata hukumomin muhalli su sa kuɗi, su samar da injinan ga ƙungiyoyin masu gyara, su kuma tsaurara a kan shigo da tsofaffin na'urori. Masana na sa ran ozon zai farfaɗo a yawancin duniya wajen 2040, amma babban aman wuta guda kafin kulorin ya ragu zai iya mayar da hannun agogo baya na wasu shekaru.