Ba Ni Ba Ne, Akawun Ɗina Ne

Ofishin mai kula da kwamfutocin kwaleji, da hantsi. Malam Mai Sabar na zaune gaban allo. Sarkin Wayo ya faɗo a fusace, abokinsa Bagidaje na biye da shi riƙe da jaka.

SARKIN WAYO: Salamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ƙara na kawo. Tun safe intanet ɗin makaranta ya ƙi ni. Kowa na shiga, ni kaɗai aka tsana.

MALAM: Wa alaikumus salam. Lafiyarsa ƙalau. Ni na rufe akawun ɗinka da hannun nan nawa.

SARKIN WAYO: Ni? Laifin me?

MALAM: Daren jiya, daga ƙarfe 1 zuwa 5 na asuba, an sauke gigabait 90 da sunanka. Masu rubuta kundin kammala karatu sun kwana suna kallon shafi yana juyawa.

SARKIN WAYO: Bincike ne, Malam.

MALAM: Fina-finai ne. Kai ba aikin akanta kake karanta ba?

SARKIN WAYO: Ai akwai fashin banki a ciki. Sai mutum ya san yadda kuɗi ke fita kafin ya iya ƙirga su. Amma tsaya, Malam, yaya aka yi ka gani? Tagar ɓoye na buɗe fa, mai hoton hula da tabarau.

MALAM: Kifi na ganinka, mai jar koma. Wannan tagar tarihin da ke cikin na'urarka kawai take sharewa, don kada ƙaninka ya ɗauka ya gani. Hanyar da ka bi kuwa ta makaranta ce. Ka shiga da sunanka, aka ba na'urarka lambar IP, wato adireshinta a kan intanet, sabar, babbar kwamfutar da ke kula da hanyar, ta rubuta lokaci. Ba na karanta hirarka, amma ƙofar da ka ƙwanƙwasa da nauyin kayan da ka ɗebo duk suna rubuce.

SARKIN WAYO: To ashe ma ba ni ba ne. Yanzu na tuna, barci nake yi jiya.

BAGIDAJE: Wallahi gaskiya ne, Malam, har da minshari. Ni ne ke sauke masa, ai ya ba ni lambar sirrinsa.

(Wayo ya take masa ƙafa. Aikin gama ya gama.)

MALAM: Madalla da shaida. Kai kaɗai ya ba?

BAGIDAJE: Ni kaɗai. Sai dai don kada in manta na rubuta ta a bayan ƙofar ɗakinmu. Mu takwas ne, ban da baƙi.

MALAM: Mece ce lambar?

SARKIN WAYO: 123456. Amma na ƙara 7 saboda tsaro.

MALAM: Sannu da ƙoƙari. Ranar rajista ka danna "Na amince" a ƙasan ƙa'idojin amfani da kwamfutocinmu. Ka karanta?

SARKIN WAYO: Haba Malam, tsakani da Allah, akwai mai karanta wannan?

(Nan kam Wayo bai yi ƙarya ba. Mai rubutun nan ma bai taɓa kai wa ƙarshe ba.)

MALAM: Da ka karanta da ka ga layin farko: duk abin da aka aikata da akawun ɗinka, kai ka aikata. Wani cikin takwas ɗin nan ya zagi shugaban sashe ta imel, kai za a kira. Ya yi yunƙurin leƙa inda ake ajiye makin jarrabawa, kai za a kira. Kuma manhajar da kuka sauke fina-finan da ita, tana karɓa tana rabawa duniya a lokaci guda. Masu fim suka bi sawu, lambar makaranta za su gani, wasiƙa ta sauka a teburina.

BAGIDAJE: Malam, to kwamfutocin ɗakin karatu da muka bari suna haƙo mana kuɗin intanet, su ma haramun ne? Ga ɗumi mai daɗi da suke bayarwa.

MALAM: Au, ku ne? Sati biyu ina neman abin da ke ƙona mini fanka!

SARKIN WAYO: Gwaji ne kawai, ba mu yi nufin ɓarna ba.

MALAM: Akwai wanda ya riga ka faɗin haka. A watan Nuwamban 1988, wani ɗalibin Jami'ar Cornell a Amurka, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai kwafar kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ta tsayar da kusan 6,000, a zamanin da duk waɗanda ke kan intanet ba su wuce wajen 60,000 ba. Kotu ta same shi da laifi a 1990: tara ta sama da dala 10,000, aikin al'umma na awa 400, da shekara 3 ana sa masa ido.

SARKIN WAYO: Allah sarki. Yanzu yana ina?

MALAM: Daga baya ya zama farfesa a MIT, shahararriyar jami'ar fasaha ta Amurka.

SARKIN WAYO: To ka gani! Malam, kada ka tare mini hanyar arziki.

MALAM: Shi ya iya rubuta manhaja. Kai lambar sirrinka 1234567. Mako biyu akawun ɗin zai yi a rufe, ka zo ka sa sabuwa mai tsawo, kuma ko ni na tambaye ka kada ka faɗa mini.

SARKIN WAYO: Yaya za ka ce haka, bayan kai ka aiko mini imel da safe cewa in tura lambar sirri a buɗe mini? Nan take na tura.

MALAM: Ni ban aiko maka komai ba.

BAGIDAJE: Ikon Allah. To ni wa na tura wa ta banki?