Ganyen nan hannu ne ya saƙa shi, ba inji ba

Toh na ga abin da baiwar Allahn nan ta rubuta a ƙarƙashin hoton bargon da na saƙa mai kwalliyar ganye, na kuma ga waɗanda suka bi bayanta da "gaskiya ne" da "nima haka na ce". Tun jiya nake lallashin kaina in yi shiru amma abin ya tsaya min a wuya. Wai inji ne ya yi, wai ganyen sun cika daidaituwa ba za a ce hannun mutum ba ne, wai ni hoto kawai na ɗauka. 'Yar uwa ki saurare ni da kyau: saƙar kwarashi hannu ne. Har yau ɗin nan babu masana'antar da take da injin da zai yi abin da kwarashi yake yi. Sati bakwai na yi a kan bargon nan, ke kuma kin share shi da layi ɗaya.

Na san inda kika ruɗe, kin haɗa kwarashi da saƙar kibiya kin mayar da su abu ɗaya saboda duka sunansu saƙa. Ita saƙar kibiya eh tana da inji, tun 1589 wani bature William Lee ya ƙera na saƙa safa a Ingila, kuma dalilin a fili yake, idanun saƙar duk suna jere a buɗe a layi guda, kowane ido da allurarsa, motsi ɗaya ake ta maimaitawa, ƙarfe zai iya wannan. Kwarashi kuwa ido ɗaya ne tal yake zaune a kan ƙugiya, sai kin gama ɗaurin nan kin rufe shi sannan ki wuce na gaba, kuma duk lokacin sai kin zaɓi inda za ki soka, ta gaba ko ta baya, ta cikin ido ko ta zagaye jikin sandar, wato tsayayyen jikin ɗaurin, wani lokacin ma ki sauka layi biyu ƙasa ki ɗauko. Ido ne yake dubawa, yatsa ne yake jin ƙarfin zaren. To a cikin duk kwalliyar kwarashi babu wadda ta fi ganye buƙatar wannan zaɓin.

Bari in faɗa miki yadda ganyen da kika raina yake fitowa. Bangon bargon dobul ne shimfiɗaɗɗe, wato ɗauri mai ɗan tsayi, shi kuma ganyen tasowa yake a kansa. Don ya taso ba a soka kwarashin a saman ido kamar kullum, ta gaba ake shigar da shi a zagaye jikin sandar layin ƙasa a fito da shi, sai ɗaurin ya turo waje ya yi tudu. Daga sanda ɗaya ake farawa, ita ce karan ganyen. Layi na gaba ki ƙara a gefe da gefenta, na gaba ki sake ƙarawa, ganyen yana buɗewa ita kuma ta tsakiyar tana tafiya sak ta zama jijiya. In ya kai faɗinsa sai ki fara ragewa, kina haɗe biyu su zama ɗaya a kowane gefe har a ƙarshe ki tattara uku a ɗauri guda, tsinin ganyen ke nan. Kuma duk abin da kika ƙara a ganye sai kin rage shi a bango, duk abin da kika rage sai kin mayar, in ba haka ba gefen bargon ya dinga kumbura yana shiga kamar hanyar maciji. Ga kuma juyi, in kika juya aikin kina ta bayansa dole ki sauya ki dinga zagaye sandar ta baya don tudun ya ci gaba da zama a fuska. Ki manta sau ɗaya, jijiyar ta nutse.

Abin da ya fi ciwo, kuskuren ganye ba ya nuna kansa da wuri. Kin yi ɓatan lissafi a layi na huɗu ba za ki gani ba sai a na tara lokacin da tsinin ya ƙi faɗawa a tsakiya, ya karkace, sai ki zauna ki warware layi biyar da hannunki kina naɗe zaren kina jin kamar ki yi kuka. Sau uku na yi wannan warwarar a bargon nan. Daidaiton da kika gani kika ce inji ne, warwara ce ta haife shi. Hannu ne.

Wata ta biyo ni ta saƙo wai in yi haƙuri ai yabo ne, in aka ce aikinki kamar na inji an yaba miki ke nan. Anti na gode da kika nemi ki sanyaya min rai, amma ki koma ki karanta abin da ta rubuta. Ba ta ce kamar na inji ba, cewa ta yi inji NE ya yi. Maƙaryaciya ta kira ni a gaban mutane. Ban karɓi wannan a matsayin yabo ba.

Sai masu cewa ai sun ga irinsa jibge a shaguna duk iri ɗaya. Abu biyu ne kuka gani. Ko dai kwaikwayo ne da injin saƙa ya fitar mai kama da kwarashi daga nesa, wanda in kika juya bayansa kika ja shi kaɗan ba za ki ga sanda tsayayya da ɗan bakinta mai kamar V a sama ba, ko kuma kwarashin gaske ne, wanda ke nufin akwai wata mata a wani wuri da ta zauna ta yi shi ɗauri bayan ɗauri, aka ba ta abin da bai taka kara ya karya ba. In kin ga rigar kwarashi ta gaske da arha, wuyan wata da idonta ne suka biya sauran. Shi ya sa kalmar "inji ne" take ƙona min rai, ba don ni kaɗai ba. Da zarar an ce inji ne an shafe mai hannun, an ce babu ita, kuma wanda babu shi ba a biyansa hakkinsa.

Ganyen kwarashi fa ya taɓa ciyar da mutane. Lokacin babbar yunwar ƙasar Ailan da ta fara a 1845, an dinga koya wa mata da yara saƙar leshi da kwarashi don su samu abin sayarwa, da siririn zaren auduga da ƙugiyar ƙarfe mai tsini kamar allura. Daban-daban ake saƙa kwalliyar, wannan gida su ƙware a fure, wancan a ganye, sannan a jera su a haɗe da raga. Ganyensu har yau shi ake koyarwa: ki yi sarƙa, ki bi gefe ɗaya da singil, wato gajeren ɗauri, ki sa uku a ƙarshe ki zagayo ki bi ɗaya gefen, sai ki juya kina ɗaukar madaukin baya kaɗai daga cikin biyun da ke bakin kowane ido, kuma kowane zuwa ki bar 'yan idanu biyu ko uku na ƙarshe ba ki taɓa ba. Madaukin gaban da kika bari shi yake yin layi-layin jijiya, idanun da kika tsallake su suke ba bakin ganyen haƙora. Dabara ce ƙarama amma mutum ne ya zauna ya kalli ganye na gaske har ya gano ta. Duk lokacin da nake yin irinsa sai na tuna matan nan da yunwa a cikinsu suna lissafin ido, wallahi har jikina yake yin sanyi.

Abu ɗaya zan yarda da shi, akwai hotunan ƙarya yanzu. Ƙirƙirarriyar basira tana fitar da hoton saƙa mai ganye sumul-sumul, jijiyar ta taso daga babu ta ɓace a babu, ba za ki iya bin layi ɗaya da ido daga farko zuwa ƙarshe ba, har ana sayar wa mutane tsarin saƙa da irin hotunan su saya su zauna abu ya ƙi fitowa. To in shakka kike yi ai da hanya. Ki ce in nuna miki bayan bargon, ki ce in nuna inda na soke bakin zare, ki ce in yi bidiyo. Da kin tambaya da na nuna miki da murnata. Ba ki tambaya ba, hukunci kika yanke.

Mai cewa ai a YouTube kowa zai iya, eh kowa zai iya, nima ina so kowa ya iya. Ɗauki kwarashi mai milimita 4 da zare mai haske wanda ba shi da gashi-gashi, don baƙin zare da mai launi barkatai ɓoye ganye suke yi, ki saƙa ganye ɗaya rak ki turo min. Ki dai lura da wanda kike kallo, abin da 'yan Amurka suke kira dobul shi 'yan Ingila suke kira tirebul, in kika gauraya su ganyenki zai fito ko gajere ko zanƙalele. Kuma ki sayi zare da ɗan rara, saƙar zagaye sanda tana cin zare fiye da shimfiɗaɗɗiya.

Maganar zare ma ta tuna min, dan Allah ku dinga duba lambar rini a jikin takardar ƙunshin kafin ku saya. Launi ɗaya, kamfani ɗaya, amma in tukunyar rinin ta bambanta koren ba ya zama ɗaya, da daddare ba za ki gane ba sai kin fito da shi rana ki ga layi ya raba aikin biyu. Gyalen da nake yi yanzu saura ganye shida zaren ya ƙare, na nemi mai irin lambar ban samu ba, ina tunanin ko in warware bakin in mayar da ganyen ƙarshen ruwan ƙasa kamar busassu. Wadda ta taɓa haɗa kore da ruwan ƙasa a gyale ɗaya ta turo min hoto in gani kafin in taɓa shi.