Wa ya yi dakon ƙarfin Rasha?

Tun da aka ɗaga tutar Rasha a Yamai a 2023, aka sake ɗaga ta a titunan Kano a Agustan 2024, nake bin yadda ake hirar ƙasar a Facebook. Kusan bakin kowa ɗaya ne: Rasha ba a taɓa ta a kwana lafiya, Napoleon ya gwada ya ji jiki, Hitler ya gwada ya ɗanɗana kuɗarsa. Ban musa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne duk hirar ta sarakuna ce da janarori. Ban ga mai tambayar halin da manomin Rasha ya kasance ciki ba, alhali shi ne ya yi dakon wannan ƙarfi a kansa wajen shekara 500.

Farkon labarin ba zan daɗe a kansa ba. Akwai daular Rus mai cibiya a Kiyef, wadda sarkinta Vladimir ya karɓi Kiristanci a 988. Mongol suka zo ƙarƙashin Batu Khan, suka rushe Kiyef a 1240. Mosko a lokacin ƙaramin gari ce, kuma ba da takobi ta fara tashi ba, da karɓar haraji ta tashi: sarakunanta ne ke tara wa Khan, sarkin Mongol, kuɗi daga sauran garuruwan Rus. Ɗaya daga cikinsu ma laƙabinsa Kalita, wato jakar kuɗi. Sai a 1480 Ivan na Uku ya daina kai wannan haraji gaba ɗaya.

Daga nan ne gizo ya fara saƙa. Ƙasa ga ta nan ba iyaka, amma mutane kaɗan, baitulmali kuma ba kuɗin biyan mayaƙan doki. Sai sarki ya riƙa biyansu da fili: ga ƙasa, ka ci amfaninta, ranar yaƙi ka fito da dokinka da makaminka. To fili ba manomi daji ne. Shi kuwa manomi idan aka matsa masa sai ya ɗaure kayansa ya yi kudu wajen Kosak, mayaƙan bakin iyaka da ba su da ubangida, ko ya koma wurin wani mai gona da ya fi sauƙin hali. Maganin da hukuma ta samo shi ne ɗaure masa ƙafa. Dokar 1497 ta ce manomi ba zai bar mai gonarsa ba sai cikin mako biyu a shekara, mako ɗaya kafin ranar Waliyyi Yuri a ƙarshen Nuwamba, mako ɗaya bayanta, kuma sai ya biya kuɗin tashi. A shekarun 1580 aka fara dakatar da wannan damar, wai na ɗan lokaci ne. Kun san "ɗan lokaci" na gwamnati. Dokar 1649 ta rufe ƙofar ruf: kai da 'ya'yanka da jikokinka na wannan gonar ne, idan ka gudu ko bayan shekara nawa ne za a kamo ka. Har yau idan Barashe ya sa rai da abu ya suɓuce masa, yakan ce, "To kaka, ga ranar Yurin taki nan."

Sarki Peter, wanda ake wa kirari da mai zamanantar da Rasha, ƙara ɗaure tamau ya yi. Ya kafa birnin St. Petersburg a 1703 cikin fadama, da gumin mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka dole, da yawansu a nan suka mutu. Ya sa haraji a kan kowane namiji, a takarda ana kiransa "rai", har ya zama ana auna arzikin attajiri da yawan rayukan da ya mallaka. Soja kuwa daga ƙauye ake ɗiba, aikin har mutuwa. Daga baya aka "sassauta" zuwa shekara 25. Wanda aka ɗauka, danginsa kukan mutuwa suke masa tun yana tsaye a gabansu.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Rasha shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba teku ba tsauni da zai tare mata maƙiyi. Tatar na Kirimiya sun ƙona Mosko a 1571, sojan Polan sun zauna cikin Kremlin daga 1610 zuwa 1612. Ƙasar da ke cikin wannan hali dole kowa ya yi hidima, babba da takobi, talaka da garma. Na yarda da wannan hujja har zuwa 1762. A shekarar ne aka sauke wa masu sarauta, wato masu gonakin nan, wajabcin yi wa sarki aiki. Idan da gaske don tsaro aka ɗaure manomi, ai da washegari an kwance shi. Sai da ya ƙara shekara 99. A tsakanin nan Sarauniya Katrin, mai musayar wasiƙu da masanan Faransa kan 'yanci, ta hana bayin gona kai ƙarar iyayen gidansu wurinta, ta kuma yi kyautar dubban ɗaruruwan manoma ga 'yan gaban goshinta. Tawayen da wani ɗan Kosak mai suna Pugachev ya jagoranta a 1773 bai rasa nasaba da wannan. An kashe shi a Mosko a 1775. Jikokin waɗannan manoman ne suka kori Napoleon a 1812, suka bi shi har Paris, ƙauyukansu kuwa suna nan cikin bauta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.



Sai da Rasha ta sha kaye a yaƙin Kirimiya sannan Sarki Alexander na Biyu ya gaya wa manyan Mosko cewa gara a soke bautar daga sama da a jira ta soke kanta daga ƙasa. A 1861 aka 'yanta mutum kusan miliyan 23. Amma an ba su da dama an karɓe da hagu: filin da kakanninsu suka noma, sai sun biya kuɗin fansarsa tsawon shekara 49. Ba a yafe bashin ba sai 1907, bayan boren 1905 ya girgiza fada.

A 1917, shekarar da juyin juya hali ya kifar da sarauta, manoma suka ƙwace filaye da hannunsu, kuma a ganina shekaru kaɗan da suka biyo bayan yaƙin basasar da ya ɓarke daga nan su ne kawai lokacin da manomin Rasha ya sha iska. Daga 1929 Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet da ta maye gurbin daular, ya tura kowa gonar haɗin gwiwa, kolhos, aka kwashe masu ɗan hali zuwa Saiberiya. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyi, musamman a Yukren da Kazakistan da yankin kogin Volga. Dokar Agustan 1932 ta sa ana ɗaure mutum shekara 10 kan 'yan zangarnun alkama da ya tsinta a gonar kolhos. A ƙarshen shekarar aka fito da fasfo na cikin gida, wanda ba a zama birni sai da shi, aka kuma hana 'yan kolhos. Su kansu manoman bauta ta biyu suka riƙa kiran tsarin. An sayar da biri an sayi kare.

Ba zan ci haƙƙin Tarayyar Sobiyet ba. A ƙidayar 1897, kafin zuwanta, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ya iya karatu. Cikin 'yan shekarun mulkinta jahilci ya kusa ƙarewa. A yaƙin duniya na biyu ta rasa mutum wajen miliyan 27, kuma sojojin da suka shiga Berlin a 1945 yawancinsu 'ya'yan ƙauye ne. Yuri Gagarin ma, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ɗan kolhos ne daga ƙauyen Klushino, mahaifinsa kafinta, mahaifiyarsa mai kula da shanun madara. A 1961, shekara 100 cif bayan 'yanta bayin gona, ya zagaya duniya cikin minti 108. A ranar da yake can sama, ɗan kolhos da ke son komawa birni mafi kusa da ƙauyensu sai ya nemi takardar izini daga hukumar ƙauye. Dokar da ta ba shi fasfo kamar kowa sai a 1974 aka sa mata hannu.