Sunana yana cikin littafinta, ni ban ɗauki wayarta ba

Jiya muka binne Mama. Ba ita ta haife ni ba, amma duk wanda ya tashi a ikilisiyarmu haka yake kiranta. Ta haura shekara 80. Majami'a ta cika maƙil har aka jera kujeru a waje, na ga mutanen da rabona da su tun muna makarantar Lahadi. Aka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya ana ba da shaida. Wannan ya ce ita ta riƙe shi da uwarsa ta rasu, waccan ta ce ita ta kwana uku a gefen gadonta a asibiti, wani ya ce ita ta sasanta shi da matarsa bayan kowa ya cire rai. 'Ya'yanta da jikokinta suna zaune a gaba suna share hawaye.

Ni ma na tashi na yi magana, har muryata tana rawa. Amma da na koma gida barci ya ƙi zuwa, domin a wayata akwai kiranta guda biyu da ban ɗauka ba. Na ga sunanta a lokacin, na ce bari in gama abin da nake yi in kira. Wata biyu ke nan.

Bayan an watse, babbar 'yarta ta jawo ni gefe ta nuna mini wani tsohon littafin rubutu da suka samu a ƙarƙashin matashin kanta, bangonsa duk ya yage an liƙe. Sunaye ne shafi bayan shafi, kowane suna da kalma ɗaya ko biyu a gefensa: ciwo, aure, jarrabawa, haihuwa. Na ga nawa. Ta rubuta "aiki", daga baya ta ja layi a kai ta sa "Na gode Ubangiji". 'Yan'uwa, ranar da na sami aikin nan ban ma je na gaya mata ba, a bakin wasu ta ji.

Ku yi mini haƙuri in faɗa mana gaskiya, da ni da ku. Shekara biyun ƙarshe Mama ba ta iya zuwa sujada, ƙafa ta ƙi. 'Yarta ta ce kullum da la'asar sai ta sa a juya mata kujera ta fuskanci ƙofa. Mu nawa ne muka shiga ta ƙofar nan? Mu da muka cika majami'a jiya, mu da muka sa hotonta a Facebook da WhatsApp muna rubuta cewa mun yi babban rashi, ina muke? Matar da ta share ɗakin sujada kowace Asabar tun kafin a haifi yawancinmu, matar da ba ta fashin taron zumuntar mata, wadda in aka ce wane ba shi da lafiya kafin fasto ya ji ta riga ta isa. Da ta zauna, ba wanda ya ɗauki tsintsiyar sai da aka yi ta roƙo a sanarwa. Ziyarar marasa lafiya kuwa ta tsaya cak. Ashe mutum ɗaya ce take yi, mu muna cewa ikilisiyarmu akwai ƙauna.

Tun daren jiya labarin matar nan ta Betanya yake yawo a raina, a Littafi Mai Tsarki, Markus sura 14. Ta fasa tulun turare mai tsada, wanda aka ce kuɗinsa ya fi dinari 300, kusan ladan lebura na shekara guda, ta zuba wa Yesu a ka. Mutane suka yi gunaguni wai ɓarna ce. Shi kuwa ya ce ta shafe jikinsa tun kafin jana'izarsa. Sauran matan da suka sayi kayan ƙanshi bayan mutuwarsa suka yi sammako zuwa kabarinsa ranar farko ta mako, ba su sami jikin da za su shafa ba. Ita ta kai nata yana da rai, yana jin ƙanshin. Namu turaren jiya muka kai.

Na san abin da za mu ce. Aiki ya yi yawa, yara, hanya da nisa. Ita fa? Da goyo a bayanta take zuwa gaisuwa. Ba ta da mota, ba ta fi mu lokaci ba. Zumunta a ƙafa take, ta taka tata har ƙafar ta gaji, mu ko danna waya ya gagare mu. Mai zabura ya roƙi Allah a Zabura 71 kada ya yashe shi a lokacin tsufa, sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Na tabbata Allah bai yashe Mama ba. Mu ne abin tambaya.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai dattijon da ya koya maka karatun Littafi Mai Tsarki, yanzu idonsa ba ya gani, ba mai karanta masa. Akwai gwauruwar da kujerarta ta daɗe babu kowa a kai, ba ka tambaya ba. Akwai mahaifiyarki da kike tura wa kuɗi duk wata kina ganin kin sauke nauyi, alhali muryarki take marmarin ji. Don Allah kada mu bari sai an kira mu ba da shaida a gaban akwati, wannan ihu ne bayan hari.

Ubangiji ya gafarta mini. Akwai wani baba da ya daina zuwa coci tun bara, yau da yamma zan je wurinsa in Allah ya yarda. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, na roƙe ka, na roƙe ki, wanda ya faɗo maka a rai kana karanta wannan, kira shi yanzu. Kada ka ce sai Lahadi.