Ruwa rahama ne, amma wa ya kulle ɗakin?

Ni fa ban yi fushi da ruwan sama ba. Agusta muke, tsakiyar damina, duk wanda ya fito motsa jiki a Kano ya san zai iya jiƙewa. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda aka bar mu, mu goma sha bakwai, a fili kamar awakin da aka manta a turke.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka haɗu a filin motsa jiki kamar kullum. Gudun yada ƙanin wani na Legas muke wa shiri, wanda ake yi a watan Fabrairu, kilomita 42 da ɗoriya, kuma ba a wata ɗaya ake gina ƙafar da za ta gama shi ba. Muna zagaye na shida hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta taso da ƙura, sai walƙiya, sai wata tsawa da ta sa cikina ya ɗuri ruwa.

Muka ruga ɗakin canza kaya. Kwaɗo! Na ce, "Baba, don girman Allah a buɗe mana." Baba mai gadi ya ce, "Yaro, makulli na wajen oga, ni ma ka gan ni a rakuɓe." Ban ga laifin tsohon ba. To ina ogan? Duk wata kowannenmu na biyan naira 3,000 kuɗin fili, kuma ranar karɓa bai taɓa makara ba, da rasit ɗinsa a hannu.

Wasu suka fake a gindin darbejiya, koci ya kore su da tsawa, don dogon itace tsawa ta fi faɗa wa. Haka muka maƙale a jikin katanga, kwanon rufi guda ya tashi ya wuce ta kanmu. Akwai Hajiya a cikinmu, likita ne ya sa ta tattaki saboda hawan jini, sai karkarwa take.

Da ruwa ya ɗauke, fili ya zama tafki, don kwatar nan ta toshe da ledar fiya wata tun Yuni muke faɗa. Wayata ta mutu, mai adaidaita sahu kuma ya ninka kuɗi, shi ma kakarsa ta yanke saƙa.

Ranar Litinin zan je ofishin ogan filin da rasit ɗina goma sha ɗaya da takalmin da har yanzu bai bushe ba. Ko a ba koci makulli, ko a dawo min da kuɗina.