Lambar yabo ba ta sayen man jirgi

Jama'a, yau maganata doguwa ce, mai sauri ya wuce abinsa.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da fizik a wata lise a nan Tawa. Duk shekara in watan Maris ya kama, watan ranar mata ta duniya, sai Facebook ya cika da hotunan mata matuƙa jirgin sama, ga hula ga gala a kafaɗa, kowa na rubuta "Allah ya ƙara ɗaukaka". Haka ma ranar 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, da muke tunawa da tattakin da iyayenmu mata suka yi a Yamai a 1991 don a ba su kujeru a kwamitin shirya taron ƙasa. Mu ɗinka anko, mu cika zaure, a kira wata a miƙa mata takardar yabo cikin gilashi, a rangaɗa guɗa, a ci a sha a watse. Ni ma ina ɗinka zanen, kada wata ta ce na fi kowa tsarki. Amma tun shekaru biyu da suka wuce guɗar nan ta fara yi mini ɗaci a baki, kuma ga dalili.

Ina da wata ɗaliba a ajin bak, wato ajin ƙarshe na lise, ɓangaren lissafi. Su uku ne mata a ajin. Yarinya ce mara surutu, amma in ta tashi gaban allo sai samarin su yi tsit. Wata rana bayan an tashi ta tsaya tana jujjuya jaka, can ta ce: "Madam, ni fa tuƙin jirgi nake so. Ta ina ake farawa?" Ta nuno mini hoton Ouma Laouali a wayar yayanta. Wanda bai san ta ba, ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgi a sojan Nijar. A watan Oktoba na 2015 aka gabatar da ita, tana laftana, shekarunta 28, tana tuƙa ƙaramin jirgin nan Cessna 208. A 2020 kuma ta gama horo a kan babban jirgin dakon kaya C-130 a sansanin Little Rock na Amurka. Na ce wa yarinyar ta kwantar da hankalinta, ai duniya cike take da bursu, wato tallafin karatu, na mata, kullum muna gani ana tallatawa. Da bakina na faɗa mata haka.

Asabar uku muka yi zaune a tsakar gidana muna bincike a waya. Gaskiya akwai su. Akwai ƙungiyar Ninety-Nines, wadda mata matuƙa 99 suka kafa a Amurka a 1929, fitacciyar matuƙiya Amelia Earhart ce shugabarta ta farko, kuma tun wajen 1940 suna ba da tallafin karatu da sunanta. Akwai Zonta International, da ke ba mata tallafin kuɗi, ita ma da sunan Earhart, tun 1938 ake bayarwa. Akwai Women in Aviation International, da ke raba tallafi iri-iri a taronta na shekara-shekara. Sai da muka shiga karanta sharuɗɗa jikina ya yi sanyi. Babban tallafin Ninety-Nines na wadda ta riga ta zama 'yar ƙungiya ne, tana da lasin tuƙi a hannu, tana neman ƙarin mataki. Ƙaramin da suke ba masu koyo ma sai kin riga kin fara tashi da malami. Na Zonta kuwa na mai karatun dokta ne a injiniyancin sararin samaniya. Sauran kuma ki biya kuɗin shiga ƙungiya, ki rubuta takarda da Ingilishi, ki kawo shaidar mutanen da suka san ki a harkar jirgi. Yarinyar da ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba, wa ya san ta a harkar?

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Kuɗinsu ne, kuma sun tsara abin ne daidai da ƙasashensu, inda yarinya ke iya zuwa ƙaramin filin jirgin garinsu ranar hutu ta biya awa guda ta tashi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mu ruwan cikin ne babu.

Ku dubi lissafin. Tuƙin jirgi da awa ake sayen sa, kamar yadda ake auna gero da tiya. Lasin farko, na tuƙa ƙaramin jirgi don kanka, yana buƙatar awa 40 zuwa 45 a sama. Na aiki, wanda za a biya ka albashi da shi, wajen awa 200. Kafin a ba ka cikakken lasin zama kaftin na jirgin fasinja, awa 1500. Kowace awa kuwa da mai da malami da hayar jirgi tana lashe jika ɗari, wato sefa dubu ɗari, ko fiye, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata. Ga gwajin lafiya mai tsanani na ido da kunne da zuciya, ga Ingilishin da hukumar jiragen sama ta duniya ta ce dole matuƙi ya kai mataki na huɗu a cikinsa, mu kuma da Faransanci muka yi lakwal. In aka haɗa duka, maganar gomman miliyoyi ake yi. Takardar yabo cikin gilashi ba ta biyan ko minti goma a ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne matan da muke liƙa hotunansu, labarinsu kansa na kuɗin awa ne, amma wannan gefen ba ma faɗar sa. Bessie Coleman, baƙar fata 'yar Amurka, makarantun ƙasarta sun ƙi karɓar ta don launinta da kuma kasancewarta mace. Ta koyi Faransanci, ta tara abin da ta samu a aikin gyaran farce, mai jaridar baƙaƙen fata na Shikago, Robert Abbott, ya tsaya mata, ta haye teku ta samo lasinta a Faransa a 1921. Lotfia ElNadi ta Masar, da ta samu nata a 1933, aikin sakatariya da amsa tarho ta riƙa yi a makarantar tuƙin a madadin kuɗin darasi. Ba wanda ya ba su lamba kafin su tashi. Wani ne ya buɗe aljihu, ko ya buɗe ƙofa, lokacin da ba su zama kowa ba. Ita kanta Ouma Laouali ta hanyar soja ta bi, inda ƙasa ke ɗaukar nauyin horon. Yabon gwani ya zama dole, na yarda. Amma gwanin nan wani ne ya ciyar da shi tun yana ɗan koyo.

Akwai kuma wani abu da ke damuna a yadda muke rabon yabon: kullum matuƙi, matuƙi. Jirgi ba ya tashi da mutum ɗaya. Akwai wadda ke zaune a hasumiya tana ba jirage izinin sauka da tashi, akwai mai duba inji, akwai mai kula da na'urorin sadarwa, akwai mai hasashen yanayi da za ta ce wa kaftin ƙurar hunturu ta rufe Agadas, ya dakata. Kuma makarantar da ke koyar da yawancin waɗannan ayyuka tana nan Yamai. EAMAC ake ce mata, ta ASECNA ce, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka, tun 1963 take aiki, 'yan Senegal da Kamaru da Madagaska suna zuwa suna karatu su koma da sana'a a hannu. Na tambayi ajina wa ya taɓa jin sunanta. Hannu biyu aka ɗaga, duka maza. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha ta. Laifin nan har da ni a ciki, domin shekara tara ina koyar da dokokin motsi da matsin iska ban taɓa kawo zancen a aji ba. Muna da filin jirgi a Tawa, yaranmu daga bayan shinge kawai suke hango shi.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: ƙasa na fama da rashin tsaro da tsadar abinci, azuzuwan zana na cin wuta, ke kina zancen jirgi. Ban musa ba. Na kuma san kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan matan ƙasar nan ana aurar da su kafin shekara 18, wadda ta kai ajin bak ta riga ta tsallake rijiya da baya. Shi ya sa ma nake ganin asara ce babba a bar ta ta tsaya a nan. Kuma ƙasa mai faɗin tamu, inda daga Yamai zuwa Bilma ko Dirku tafiyar kwanaki ce a mota, jirgi ba kayan ado ba ne. Da shi ake kwaso mara lafiya, da shi ake sintiri, da shi alhazanmu ke tafiya. In ba mu horar da namu ba, za mu ci gaba da biyan na wasu.

Wasu kuma za su ce iyaye ne ba sa bari. Wani lokaci haka ne. Amma ni na je har gida na gaida mahaifin yarinyar nan, dattijo mai sayar da albasa. Ya saurare ni har na gama, ya ce: "Madam, in akwai mai biya, ga ta nan, na ba ku ita da albarkata. Ni dai ko gonar na sayar ba ta kai." Ban sami abin ce masa ba.

Ga abin da nake roƙo. Masu shirya bukin 8 ga Maris da 13 ga Mayu, bankuna da kamfanonin waya da ke biyan hayar zaure da lemo, ku ware rabin kuɗin ku ce na matakin farko ne: kuɗin motar zuwa Yamai rubuta jarrabawar shiga, masauki na mako biyu, gwajin likita, darasin Ingilishi na shekara guda. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma a kansu 'ya'yan talakawa ke faɗuwa. Alhazan Adar da ke Abijan da Kwatano, na ga yadda kuke zuba kuɗi a filin kokawa in an zo neman takobi, ban hana ku ba, ni ma ina kallo. Mutum goma a cikinku sun isa su kai yarinya ɗaya har lasin farko, daga nan ƙofofin bursu na waje su fara buɗe mata da kansu. In za a ba wata lambar yabo, a haɗa mata da kujerar karatu guda da sunanta, ita ta zaɓi yarinyar da za ta hau.

Ɗalibata ta ci bak da sakamako mai kyau. Yanzu tana Jami'ar Abdou Moumouni tana karanta lissafi da fizik, tana zaune wajen gwaggonta, tana shirin jarrabawar EAMAC, da dare kuma tana koyon Ingilishi a waya. Tuƙin bai fita ranta ba, ta ce in ta samu hasumiya ta fara albashi za ta riƙa tara kuɗin awa da kanta. Makon jiya ta kira ni tana neman tsofaffin takardun jarrabawa na fizik. Na ɗaure su a leda na ba direban motar safe.