Bakin Falanki Ma Aiki Ne, A Daina Rufe Shi Da Fila Da Fenti

Maganata yau da 'yan'uwana kafintoci ne na nan Legas, musamman mu masu ƙananan shaguna a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, sai kuma iyayenmu masu ba da aikin kayan ɗaki. Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki wadda ke ci min tuwo a ƙwarya. A yanka falanki, wato allon nan na plywood, a haɗa wadirob ko kanta ko kabad, a goge fuskar ta yi sheƙi, amma bakin da zarto ya bi sai a cusa masa fila, wato ƙullun nan na cike ramin katako, a bi da fenti, a ce an gama. Wallahi ba a gama ba. Daidai yake da tela ya yi wa shadda aiki mai kyau a wuya, ya bar bakin hannu ba kalmasa.

Duk wanda ya taɓa duba bakin falanki ya san ba katako guda ba ne. Siraran katako ne da aka fere daga gungume aka jera su bisa juna da gam, wannan a tsaye, na bisansa a gicciye, hawa 3 ko 5 ko 7 ko fiye, kullum mara. Wannan gicciyewar ita ce ƙarfinsa, ita ce kuma rauninsa a baki, domin kusan rabin hawan nan jijiyarsu a yanke take, buɗe take, tana shan danshi fiye da ko'ina a jikin falankin. Ga kuma ramukan da ake samu a cikin na araha. A Kano ko Katsina kana iya yin sakaci ka sha, iska a bushe take mafi yawan shekara. Legas ba ta yafewa. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, Yuni da Yuli kuwa ko bango gumi yake yi. Ƙara da matar gida da ke goge tayil da ruwa kowace safiya. Katako yana kumbura yana komawa, fila ba ta bin sa, sai ta tsage. Daga nan hawa ya fara rabuwa da hawa, sartse ya fito ya riƙa jan zaren leshi da atamfa, kyankyaso ya samu ɗaki a cikin ramin.

Wani zai ce ai akwai inji. Gaskiya ne. A kasuwar katako ta Amu da ke Mushin za a yanka maka allo, a kuma manna masa tef ɗin roba da inji, kuma ga MDF da HDF, wato allunan garin katako da aka matse, masu rufin roba, ba ni da ja, shi ne daidai da su. Amma idan falankinka mai fuskar katako na gaske ne, wanda za ka shafa wa kala da banish, tef ɗin roba ba ya shan kala. Fuska ta yi duhu, baki ya tsaya fari ko ja, daga ƙofa ma ana hango shi. Kuma wa zai ɗauki kanta biyar daga Agege zuwa Mushin cikin cunkoson Oshodi don a manna musu baki?

Shi ya sa nake ta yi wa mutane tallar tef ɗin katako mai gam a baya, wanda ake mannawa da dutsen guga. Katako ne na gaske, kaurinsa wajen rabin milimita, a naɗe yake zuwa, an shafe bayansa da busasshen gam wanda zafi ke narkarwa. Ga falanki mai kaurin milimita 18, wanda muke kira uku bisa huɗu, sai ka nemi tef mai faɗin milimita 22, don ya yi rara ta kowane gefe.

Aikin ba daga guga yake farawa ba, daga bakin yake farawa. In zarto ya bar tudu da kwari, ba gam ɗin da zai riƙe. Naɗa sanfefa a jikin guntun katako mai lafiya ka goge bakin ya miƙe, kada ka goge da tafin hannu kawai, don zai zagaye maka kusurwa. Babban rami a cike shi, ya bushe, a goge. A kakkaɓe ƙura sarai. Ka tsayar da falankin bakinsa na kallon sama, ka yanki tef ya zarce tsawon da kamar inci ɗaya.

Dutsen guga a sa shi a zafin da ake goge auduga, wajen digiri 200, kuma ba ruwa a ciki, tururi abokin gaban wannan aiki ne. Ka ɗora a farkon baki, ka danna, ka ja a hankali kamar taƙi guda. Za ka ji ƙanshin gam ya tashi, in ka sunkuya za ka ga ya ɗan tsattsafo a gefe, yana ƙyalli. Nan take ka ajiye ayan ka bi wurin da guntun katako, ka murza da ƙarfi, tsakiya da gefe da gefe, tun gam bai huce ba. A nan yaran shago suke yin kuskure. Suna ɗauka zafi ne ke mannawa, alhali zafi narkarwa kawai yake yi, dannawar ce ke kamawa. Na sha ce wa yarona, "Kai, hannun hagunka mai riƙe da guntun katako ne mai aikin, ba na dama ba." In ka tsayar da ayan wuri ɗaya ya daɗe, katakon zai ƙone ya yi baƙin tabo. In ka yi sauri, gobe ka tarar ya ɗago.

Sai a yi haƙuri gam ya huce. Kada a yanke rarar da ɗumi, gam zai yi yauƙi ya ɓata fuskar. Idan ya huce, ka kifa bakin a kan tebur ka datse zarcewar kai da gindi da wuƙa mai kaifi. Rarar gefe kuwa ka kwantar da wuƙar a jikin fuskar falankin, ka duba inda jijiyar katakon ta nufa ka bi ta. In ka ji ya fara tsagewa yana cin ciki, ka tsaya ka ɗauko ta ɗaya ɓangaren. Sannan sanfefa mai laushi, lamba 180 ko 220, ka ɗan kashe kaifin kusurwar sau biyu ko uku, ba fiye ba, domin fuskar falankin kanta siririya ce, nan da nan za ka huda ta. Ka bi da yatsa. Inda ka ji ƙwas-ƙwas alamar bai kama ba, mayar da ayan ka sake dannawa. Wannan na cikin abin da nake so da shi, yana karɓar gyara.

Na san matsalar wuta. Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Ni ina tara aikin baki ne in jira a kawo wuta in yi shi gaba ɗaya. Na gawayi ma yana yi, amma a sa takarda tsakani saboda toka, a kuma gwada zafinsa a kan guntu tukuna. Kada dai a ɗauko ayan ɗin uwargida, gam zai manne a gindinsa ya ɓata mata kaya.

Ba zan yaudare ku ba, tef ɗin nan ba ya hana ruwa shi kaɗai, sai an bi shi da banish kamar yadda aka yi wa fuska. Kuma akwai inda bai dace ba. Gam ɗin da zafi ya narkar, zafi na iya sake sassauta shi, don haka ban yarda a sa shi a jikin kabad ɗin da ke manne da murhun gas ba, haka nan ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Bakin teburin cin abinci, bencin makarantar Islamiyya, duk inda gwiwa da ƙafar yara ke duka, a tsaga tsiri, wato siririn katako mai kaurin milimita 6 zuwa 10, a manna da gam, ya fi jure wahala. Amma kanta, ƙofar wadirob, fuskar durowa, teburin karatu, a nan ba shi da na biyu ga mai ƙaramin shago.

Abin da ke min ciwo, ƙasar da ke da iroko da maɗaci da obeche da afara, ƙasar da garin Sapele ya ba wani katako sunansa har duniya ta san shi, inda kamfanin African Timber and Plywood ya yi ta fere gungume tun zamanin Turawa, yau yawancin falankin da muke yanka daga waje ake shigo da shi. Wannan maganar wata rana ce.

Hujjar da aka fi kawo min ita ce mai aiki ba zai biya ba. Ni ban ga haka ba. Wata Hajiya da ta zo yi wa 'yarta kayan ɗaki ta ce min, "Malam, kuɗinka ya fi na wancan." Na ɗauko guntaye biyu, ɗaya mai fila da ya kwana biyu a shago ya fara tsagewa, ɗaya mai tef, na ce, "Hajiya, shafa ki ji." Ta shafa, ta ce a yi mata mai tef ɗin. Mutane ba ƙin biya suke yi ba, ba mu nuna musu abin da za su biya ba ne.

Ku kuma Alhazai da Hajiyoyi, idan kun zo karɓar kaya kada ku tsaya a madubi da hannun ƙofa. Ku buɗe wadirob ɗin, ku zaro kanta ɗaya ku juya ta, ku sa hannu ku shafa bakin ƙasa na ƙofa, wanda ya fi kusa da ruwan goge ɗaki. Tun ranar ciniki ma ku tambaya da me za a rufe baki, tef ɗin katako ne, na roba ne ko tsiri, a rubuta shi a takarda tare da kuɗin kafin ku ba da kafin alƙalami.